Dogon Lensi a Bakin Rima

Zayyanu ya jera lensin kyamara guda uku a kan teburin shagonsa na Ƙofar Rini, kamar mai tallar kwalaben turare. Na farko gajere ne, bai wuce kofin shayi ba. Na biyu ya ɗan fi shi ƙiba. Na uku kuwa dogo ne, ya kusa kai ƙaramar taɓarya, sai da ya sa hannu biyu kafin ya ɗora shi.

Sirajo ya tsura wa na ukun ido. Malamin ilimin halittu ne a wata sakandare, shekararsa biyu da sayen kyamara, kuma har yanzu da ɗan lensin da ta zo da shi yake fama. Duk tsuntsun da ya ɗauka sai ya fito kamar ɗigon tawada a tsakiyar sama. Ɗalibansa sun san tsuntsayen ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, daga hotunan littafi, amma ka tambaye su zakaran ƙeƙuwa sai su kalli juna.

"Malam Sirajo, in shawarata kaka so, ɗauki ƙaramin ga," in ji Zayyanu, wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar hoton biki. "Fuskar yara, taron suna, kasuwa, duk shina yi. Ko ɗaki ba haske sosai, tas shika fiddo mutum."

"Tsuntsu fa?"

"Tsuntsu sai dogon. Amma nauyi gare shi, kuma ba shi son rawar hannu. Numfashi in ka ja da ƙarfi, hoto ya ɓaci. Dole ka haɗa da ƙarfen ɗora kyamara mai ƙafa uku, ka kafa shi ƙasa." Ya goge gilashin da tsumma mai laushi. "Kuma ka san inda za ka fiddo shi. Mutane ba su cikin natsuwa yanzu."

Sirajo ya ce to, amma hankalinsa na kan gilashin. Ya ɗauki dogon, da mai ƙafa uku, Zayyanu ya ƙara masa da rigar da tsohon mai lensin ya ɗinka masa don kada tsuntsu ya hango ƙyalli. Launinta kore ne da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare, irin na kakin soja.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ya ɗaure jakar a bayan mashin. Matarsa Wasila ta biyo shi ƙofar gidansu na Arkilla da gorar ruwa.

"Kusa da gada dai ka ce ko?"

"Kusa da gada."

A gada ya tarar da masu wankin mashin da masu kwasar yashi, babu tsuntsun da zai sauka a wannan hayaniya. Wani abokin aikinsa ya taɓa ce masa an ga gauraka biyu can gaba, inda gulbin Rima ya yi gwiwa. Ya bi wata siririyar hanya tsakanin gonakin shinkafa. Ya ce wa kansa minti goma kawai. Gidaje suka ƙare, ya ci gaba. Sai da hasumiyar masallacin ƙarshe ta ɓace a bayansa sannan ya kashe mashin a gindin wata giginya.

Wurin ya yi masa. Balbela fari fat a bakin ruwa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Ya kafa mai ƙafa uku a cikin ciyawa, ya ɗaura kyamarar, ya zura wa lensin rigarsa. Kafin ya fara sai ya gwada shi a kan duk abin da ido ya kai: injin ban-ruwa, hanyar da ya biyo, wasu mutane can nesa sunkuye a gona. Daɗi ya kama shi, domin har zufar goshin ɗayansu ta fito. Da rana ta ɗago ta hana shi ganin fuskar kyamarar, sai ya durƙusa, ya yafa rawaninsa a ka ya rufe kansa da ita.

Bai ga matar da ta taho da ƙwaryar fura ba. Ƙarar faɗuwar ƙwaryar kawai ya ji. Da ya yaye rawanin sai ya hango bayanta tana gudu a kan kunyar gona, ba ta ko waiwaye.

A nan ne ya dubi kansa yadda ita ta gan shi: mutum a ɓoye cikin ciyawa, kai a rufe, da wani dogon abu mai kayan soja a kan ƙafafu, bakinsa na kallon gonaki. Ya kama kwance kyamarar, amma ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ya cije. Yana cikin murɗawa shinkafar ta fara motsi ta ɓangare uku.

Maza takwas ne suka fito daga cikinta. Adda, lauje, gora, ɗaya da bindigar toka. Babu wanda ya yi ihu, shirun nan ya fi komai tsorata shi.

"Tashi. Sannu-sannu. Ɗaga hannu."

Mai maganar saurayi ne dogo, shekarunsa ba za su wuce ashirin da biyar ba, da adda a hannun hagu. Sauran suna kiransa Saifullah.

"Salamu alaikum," in ji Sirajo.

Ba wanda ya amsa.

"Wa yat turo ka?"

"Ba kowa. Ni malamin makaranta ne. Tsuntsaye nake ɗauka."

"Tsuntsaye."

"Wallahi tsuntsaye."

"Ina shaidarka?"

Ya laluba aljihu. Katin aikinsa na cikin rigar da ya sa jiya, a rataye a bayan ƙofar ɗaki. Wani ya zare wayarsa daga ɗaya aljihun. Wani ya kama hannayensa ya mayar baya, ya ɗaure da rawaninsa. Aka danna kafaɗarsa har gwiwoyinsa suka nutse a laka. Mai bindigar ya tsaya a bayansa, inda ba ya iya ganinsa, yana jin numfashinsa kawai.

Sirajo ya san labaran da ake bayarwa a ɗakin malamai, na waɗanda aka kama ana zargin suna kai wa ɓarayin daji rahoto. Ba a cika kai su wurin hukuma da rai ba. Ya tuna ya ce wa Wasila kusa da gada. In aka tashi nemansa, can za a nema.

"Ku duba ciki," ya ce. "Ku danna maɓallin da ke ƙasa, za ku ga abin da na ɗauka."

Da ya yi shiru da ya fi. Saifullah ya danna. Hoto na farko injin ban-ruwa ne. Na biyu hanyar shigowa. Na uku mararrabar da ta rabu zuwa bukkokinsu. A na huɗu wani mai gemu ya ja da baya kamar an taɓa shi da wuta.

"Wanga ni na," ya ce a hankali. "Ina can ƙarshen gona. Ku dubi idona. Ko matata ba ta matso ni haka ba."

Suka yi ta wucewa. Fuska bayan fuska, bakwai daga cikinsu kowa ya ga kansa. Tsuntsu biyu ne kacal a ciki, su ma sun fito dishi-dishi.

"Gwaji nake yi," in ji Sirajo. "Sabo ne, jiya-jiya na saye shi. Ina gwada shi ne."

"Haka wancan ma yac ce," in ji Saifullah. "Mai tallar atamfa. Kwana uku shina yawo tungarmu da waya, wai shina ɗaukar zannuwa. Ran na biyar ɓarayin daji sunka zo."

Wani ya ce a kawo igiya mai ƙwari. Wani ya ce igiyar me, gulbi ga shi nan. Sirajo ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa, ayoyin suna sarƙewa da juna. Ya ji ɗumi na bin cinyarsa, bai ma iya jin kunya ba.

"Ku dakata in gani."

Wani tsoho ne ya iso, yana dogara sanda, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Suka buɗa masa hanya suna cewa Baba Na'Allah. Bai kalli Sirajo ba. Ya zagaya mai ƙafa uku sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa lensin da farce.

"Abin ga shina harbi?"

"A'a, Baba. Gani kawai yake yi."

"Har ina?"

"Nesa. In ba abin da ya tare."

Tsohon ya juya ya fuskanci gulbi. Can ƙetare, bayan yashi da ciyawa, akwai wani duhun itatuwa da ido ke iya kamawa da ƙyar.

"Ka ga kukar can? Tungarmu na ƙarƙashinta. Damina biyu ke nan ba wanda yat taka wurin. Mu da iyalanmu muna unguwar Gidan Dare can birni cikin kangon mutane, nan kuma aron gona muka yi. In gaskiya kaka faɗi, jawo muna ita."

"Baba, kwance shi za a yi?" in ji Saifullah.

"Mutum takwas, da adda. Ina za shi?"

Aka kwance shi. Ya miƙe ya faɗi, ya sake miƙewa. Da ya kama kyamarar sai komai ya rinƙa tsalle a cikinta, domin hannunsa rawa yake kamar na mai zazzaɓi. Ya rasa kukar. Sama yake gani, sai ruwa, sai sama. Bakin bindigar ya taɓa tsakiyar bayansa. Ya lumshe ido, ya matse duk maƙallan mai ƙafa uku ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe numfashi, ya murɗa zoben lensin a hankali. Reshe ya fito. Sannan kututture. Sannan katangar ƙasa da ta zube rabi. Ya cire hannunsa gaba ɗaya ya ja da baya.

"Kada a taɓa shi. Ido kawai za a sa a nan."

Baba Na'Allah ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago yana girgiza kai. "Idona ya ƙare. Saifullah, zo ka duba muna."

Saurayin ya matso, addar na hannunsa. Ya kanne ido ɗaya. Babu wanda ya motsa. Balbela suka tashi suka sake sauka, shi bai ɗago ba.

"Mi ka gani?"

"Rumbun Baffa ya faɗi." Ya ƙara kafa ido. "Masallaci na nan. Ciyawa ta rufe rijiya."

"Gidanku fa?"

"An ɓalle ƙyauren ɗakin Inna." Muryarsa ta yi ƙasa. "Turminta na tsakar gida. Inda ta bar shi."

Ya ajiye addar a kan ciyawa don ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu. Daga nan suka shiga layi, har mai bindigar, wanda ya miƙa wa na kusa da shi ita kamar sanda. Kowa ya duba sai ya koma gefe. Sirajo na tsaye da jiƙaƙƙen wando, ba wanda ya ce masa tafi, ba wanda ya ce masa zauna. Duk wanda ya ɗago daga kyamarar sai gaban Sirajo ya faɗi, don bai san da wace fuska zai ɗago ba.

"Shina iya fitowa ga takarda?" Saifullah ya tambaya, ba tare da ya dube shi ba.

"Yana iya."

"To ɗauka. Namu kuma da kad ɗauka, goge su gabanmu."

Ya saita kyamarar ta ƙirga daƙiƙa goma ta ɗauka da kanta, saboda bai yarda da yatsansa ba. Sannan ya goge fuskokin ɗaya-ɗaya, da hanyar, da injin, suna kallo. Aka mayar masa da wayarsa. Saifullah da kansa ya ɗauko jakar ya raka shi gindin giginya.

"Inna ba ta iya tafiya yanzu. Ita za a kai ma hoton." Ya riƙe kan mashin ɗin. "Asabar muna nan. Na riƙe lambar mashin ɗinka."

Sirajo bai gane ba ko roƙo ne ko gargaɗi. Bai tsaya ba sai da ya hau kwalta, a nan ya sauka ya yi amai a bakin hanya.

Ranar Laraba Zayyanu ya wanke masa hoton, babba, ya juya shi sama da ƙasa yana neman tsuntsun. Sirajo bai yi masa bayani ba. Wasila ce kaɗai ya gaya wa, ita ma rabi, rabin kuma ya isa ta ɓoye makullin mashin kwana biyu.

Asabar da hantsi ya zura ambulan ɗin hoton a gaban riga, ya sa katin aikinsa a aljihu, ya taɓa shi sau uku. Ya fito da mashin ƙofar gida ya tayar. Wasila na tsaye a bayan ƙyaure tana kallonsa. Maƙwabcinsu ya wuce ya gaishe shi, ya je shago ya sayo burodi ya dawo, ya tarar da shi a nan, ƙafa ɗaya a ƙasa, injin na ta kaɗawa.