Fayil a Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Shekara huɗu wani kafinta yana zarya ofishin takardun zama, don sai da takardar zai iya ɗauko matarsa daga ƙasarsu. Kullum akawu ya ce, "Baba, ana neman fayil ɗinka."

Wata safiya yana kallon ƙafafun tebura, kamar yadda ya saba, sai ya hango fayil an tokare guntuwar ƙafar teburin akawu da shi. Ya duƙa. Ga hotonsa, tun gemunsa na baƙi wuluk.

"Ɗana, ashe ni nake riƙe maka tebur?"

Akawu ya sosa ƙeya. "Baba, in na zare ka, shayina zai zube."

Washegari kafinta ya dawo da guntun katako da ƙusa biyu. Kafin shayin ya huce, an buga masa hatimi.