Ƙwayar da Ba a Dakawa

Malamar sashen haɗa magunguna ta raba ajin huɗu-huɗu, kowa da aikinsa: mai karɓar tambaya, mai duba littafi, mai rubutu, sai mai ja, wanda babu amsar da za ta wuce sai ya gamsu. Maki ɗaya ne ga rukuni. In an faɗi, su huɗun ne za su maimaita jarrabawar.

Da aka ba Shiru-shiru aikin ja, teburin ya kwashe da dariya. Shekara uku suna aji ɗaya, wasu ba su san muryarta ba.

"Ke za ki ja da ni?" in ji Rediyo, mai karɓar tambaya, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Allah ya ba ki sa'a, ƙanwata."

Tambayar na manne a jikin kwalin magani: wani dattijo mai hawan jini ba ya iya haɗiye ƙwaya, 'yarsa na son sanin ko ta daka masa ta zuba a ruwa.

Dogo, mai duba littafi, ya buɗe littafin, ya bi layi da yatsa. "Ga sunan nan. Ba a hana ba."

"Shi ke nan! Anti, rubuta, a daka," Rediyo ya ce wa babbarsu mai riƙe da biro.

Shiru-shiru tana ta juya kwalin. Bayan sunan maganin akwai wasu ƙananan haruffa biyu da Dogo bai karanta ba. Ta ɗora hannu a kan takardar Anti.

"Ban yarda ba."

"Iye? Ashe tana magana!" in ji Rediyo.

"Dogo, duba shafi na gaba. Wanda ka karanta mai narkewa nan take ne. Wannan kuwa a hankali yake sakin maganin, yini guda. In aka daka, na yinin duka zai shiga jikin Baba lokaci ɗaya, jininsa ya faɗi."

Dogo ya juya shafin, ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Saura minti biyu," in ji Malama.

"To me za mu ce wa 'yar tasa?" Muryar Rediyo ta yi ƙasa.

"Kada ta daka. Ta koma wurin likita a canza masa da wanda zai iya sha. Anti, sa har lambar shafin."

Malama ta iso, ta karanta, ta gyaɗa kai. "Wa zai kare wannan amsar?"

Rediyo ya buɗe baki, amma Shiru-shiru ta riga ta miƙe, kwalin a hannunta.

"Ni ce, Malama. Ki tambaya."