Jarrabawar da Na Zaɓa wa Auta

Shekara ashirin da biyu ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma a duk danginmu ba mai aika takardar neman aiki bai kawo min na duba ba. Ɗalibai suna kirana Ƙamus a bayan idona. Na sani, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana yi min daɗi. Jan biro ba ya rabuwa da aljihun gaban rigata. Matata ta ce ko takardar cefane ta ba ni, sai ta dawo mata da gyara.

Saboda haka ban yi mamaki ba ranar da Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, ta shigo ɗakin karatuna da wasiƙa a hannu. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin jinya a ɗakin mata na wani ƙaramin asibiti. Wasiƙar daga wani babban asibiti ce a ƙasar waje. Sun yi mata tambayoyi ta waya, sun yaba, sun ce sun ajiye mata gurbi, amma sai ta kawo shaidar cin jarrabawar Turanci kafin wata tara ya cika. In wa'adin ya wuce, gurbin ya zama na wata.

A ƙasan wasiƙar an lissafa jarrabawa biyu, aka ce duk wadda ta kawo za a karɓa. Ta farko ita ce sananniya, wadda masu zuwa jami'a suke yi, ni kaina na sha shirya ɗalibai a kanta. Ta biyu kuwa ta ma'aikatan lafiya ce kaɗai. Auta ta ɗora yatsa a kan ta biyun, ta fara cewa wasu abokan aikinta ita suka yi. Ban bari ta kai ƙarshe ba. Na ce mata wannan ta ragwaye ce, masu neman gajeriyar hanya, kuma ƙanwata ba za ta shiga ƙasar mutane ta taga ba alhali ga ƙofa. Gaskiyar magana ita ce, ko bangon takardar wannan jarrabawar ban taɓa gani ba. Amma mutumin da ake kira Ƙamus ba ya buɗe baki ya ce bai sani ba. Auta ta janye yatsanta, ta ce to, Yaya.

Muka duƙufa. Kullum in ta tashi daga aikin safe sai ta biyo ta gidana da la'asar, ta cire takalmi ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan ƙaramar kujera, ni kuma in ajiye agogo a tsakiyar tebur. In ba ta zanen da ke nuna yawan fasinjojin jirgin ƙasa a ƙasashe huɗu, in ce ta kwatanta shi cikin minti ashirin. In ta gama, in ce ta rubuta ra'ayinta a kan ko ya dace a hana motoci shiga tsakiyar birane. Matar da ta wuni tana juya marasa lafiya da sa musu ruwa, ita ce na sa tana tauna biro a kan cunkoson motocin garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Takardunta kuwa, in na gama da su, sai ka ce an yanka kaza a kai.

Jarrabawar ɓangare huɗu ce: sauraro, karatu, magana da rubutu, kuma asibitin yana son maki bakwai a kowanne. Da sakamako ya fito, ta haye uku, rubutu kuwa shida da rabi. Na ce ba komai, sharar fage ce. Muka ƙara wata uku, ta sake zama, sakamako ya sake fitowa da shida da rabi, kamar an ɗaure shi da igiya a wurin. Ranar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta naɗe takardar, ta tambaye ni ƙarfe nawa za ta zo gobe. Saura mako bakwai wa'adi ya cika, wato zama ɗaya tak ya rage mata. Ni kuwa maganin da na gano shi ne in ninka mata aikin gida.

Ana cikin haka, wata safiya Mama ta zame a banɗaki. Da ma a wurin Auta take zaune tun rasuwar Baba. Muka garzaya da ita asibitin da Auta ke aiki, hoto ya nuna ƙashin ƙugu ya tsage, aka ce sai an mayar da ita babban asibiti inda akwai likitan ƙashi. Likitan da ke bakin aiki ana jiransa a ɗakin tiyata, sai ya ce wa Auta ta rubuta takardar turawa, in ya leƙo zai duba ya sa hannu.

Ina tsaye a bakin teburin nas-nas, tsakanin keken magunguna da allon da ake rubuta lambobin gadaje, na ga abin da ban taɓa gani ba. Auta ta buɗe fayil ɗin Mama, mai kauri, cike da rubutun likitoci irin na tafiyar tsutsa. Ta bi shi da ido shafi bayan shafi, ko zama ba ta yi ba, ta jawo takarda ta fara rubutu. Ba ta tauna biro ba, ba ta kalli sama ba. Cikin minti goma ta gama, ta miƙo min ta ce in riƙe, za ta je neman motar ɗaukar marasa lafiya.

Hannuna da kansa ya tafi aljihu. Sai da na cire murfin jan biron sannan na tuna inda nake, amma duk da haka na karanta, don hali zanen dutse ne. Layin farko ya faɗi wace ce da abin da ake so a yi mata. Na biyu ya ce tana shan maganin tsinka jini, da lokacin da ta sha na ƙarshe. Sai yadda ta faɗi, da abin da hoto ya nuna, da allurar da aka yi mata, da maganin da jikinta ba ya so. Na karanta sau biyu ina farautar inda zan ɗiga ja, na rasa. Abu ɗaya kawai na kama, kuma har na ji daɗin kama shi: ba ta ambaci aikin idon da aka yi wa Mama shekara takwas da suka wuce ba.

Shugabar nas-nas tana zaune a bayan teburin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, kowa Sista yake ce mata. Na nuna mata giɓin da na gano. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce likitan ƙashi ba tarihin gidanmu yake nema ba, abin da zai hana shi kashe mara lafiya yake so ya gani a layin farko, kuma sanin abin da za a bari ya fi sanin abin da za a rubuta wuya. Sai ta tambaye ni ko ni ne yayan nan malamin Turanci. Na gyara tsayuwa na ce ni ne.

"To, Malam, wannan takardar da ke hannunka ita ce jarrabawar ma'aikatan lafiya. A ba ka fayil, ka rubuta takardar turawa, sannan a zaunar da kai ka yi magana da mara lafiya. Uku daga ɗakin nan ita suka yi suka wuce, kuma duk cikinsu ba mai rubutun ƙanwarka. Na faɗa mata tun farko."

Na tambaye ta me Auta ta ce.

"Ta ce kai ka koya mata haɗa baƙi tana 'yar shekara biyar, ba za ta iya kallon idonka ta ce ka yi kuskure ba."

Na mayar da murfin biron, na ji kunya irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Wata bakwai ke nan ina ɗaukar yarinyar nan a matsayin wadda ba ta iya rubutu ba, har ita ma na sa ta yarda, ashe ni ne na kai ta inda ba fagenta ba.

Aka yi wa Mama aiki washegari, aka kuma dace. A kwana biyun da muka yi muna zaman jinya na nemo samfurin jarrabawar a wayata, na karanta shi tas a kan bencin baranda. Ba ta ragwaye ba ce ko kaɗan. Da ni za a ba fayil ɗin, da sai na zuba komai da komai har da aikin ido, in faɗi warwas.

Ba a gina ni da ba da haƙuri ba, matata shaida ce. Da yammacin rana ta uku Auta ta fito daga wurin Mama ta zauna kusa da ni. Na fara da zancen zafin gari, na bi ta tsadar magani, na ɗan taɓa halin direbobin motar asibiti. Tana dai saurare. Da na ga hanya ta ƙare, sai na miƙa mata wayar.

"Auta, ban san jarrabawar nan ba ranar da na kushe ta. Na ɓata miki wata bakwai. Ki yafe min."

Ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce ba komai, amma muryarta ta nuna akwai komai. Sannan ta faɗi abin da ke damunta: tsohuwar jarrabawar ta san kanta, rabin maki kawai take bi, wannan kuwa ba ta taɓa zamanta ba, ga shi saura mako shida, kuma in ta faɗi babu wani zaman. Ta tambaye ni wacce nake ganin ta yi. Bakina ya cika da amsa, amma na haɗiye. Na ce mata na yi zaɓi sau ɗaya mun ga inda ya kai mu, wannan karon nata ne. Ta ce za ta zauna ta ma'aikatan lafiyar.

Darasi ya koma ɗakin Mama bayan an sallame ta, sai dai kujeru sun juya. Rubutu Sista ke duba mata a wurin aiki, ni ba a ko nuna min. Aikin da aka ba ni shi ne in zama mara lafiya a gwajin magana. Katin farko da Auta ta miƙo min ya ce ni dattijo ne mai hawan jini da ya daina shan magani don yana ganin ya fi likita sani. Matata, da ta biyo ni gaida Mama, tana bakin ƙofa, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan ba sai ya yi kwaikwayo ba. Mama ma daga kan gado ta ce a ba shi da kyau. Abin da ya sa su dariya shi ne, kwalbar maganina wata biyu ke nan tana kan firjin gidana ba a taɓa ta ba.

Na shiga rawar da ƙarfina. Na kawo gardama iri-iri da Turancin da na san zai rikita ɗalibi. Auta ba ta rikice ba. Ta bar ni na gama, ta maimaita min abin da na faɗa don in san ta ji, ta tambaye ni abin da nake tsoro game da maganin, ta bayyana min da kalmomi marasa nauyi abin da hawan jini ke yi wa jijiya a ɓoye. Minti biyar ɗin gwajin suka cika ban sani ba. Da na koma gida, na lallaɓa na sha ƙwaya ɗaya, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Sakamako ya fito saura kwana tara wa'adi ya cika. Ina cikin aji wayata ta yi ƙara, abin da nake hukunta ɗalibai a kai. Na ɗauka a gabansu. Auta ce, ta haye duka huɗun, kuma makin rubutu ya fi sauran. Na ce wa ajin su buɗe shafi na arba'in, na fita baranda, don bai kamata yara su ga Ƙamus yana share ido ba. Farin ciki nake, amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu mai nauyi, don yanzu ta tabbata za ta tafi.

Wata uku bayan nan biza ta fito. Mama ta dawo gidana da sandarta da akwatin magungunanta. Ranar tafiya, jaka tana cikin mota, Auta ta dawo da sauri ta miƙa min takarda shafi ɗaya, ta ce kada in buɗe sai sun wuce. Na tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana.

Takardar miƙa mara lafiya ce, irin wadda suke yi in za su tashi daga aiki. Sunan Mama da shekarunta, maganin safe da na yamma, ranar komawa wurin likitan ƙashi, alamomin da in an gani a tafi asibiti ba jira. Na zaro jan biro, na bi ta layi-layi, ban samu komai ba. A can ƙasa, inda ake rubuta wanda aka miƙa wa, ta sa: "Mai kula da ita yayana ne. Yana da gardama, amma in ya gane gaskiya yana bin ta. A riƙa tuna masa nasa maganin, yana kan firji."

Na manna takardar a jikin firjin, kusa da kwalbar. Mama ta kira ni daga ɗaki tana tambaya ko lokacin maganinta ya yi. Na duba takardar, na ce saura minti goma, na ɗebo ruwa kofi biyu.