Yanyawar Bakin Kufai

Kwana talatin da takwas Malam Zubair ya yi yana zaman jiran yanyawa, 'yar dabbar nan mai kama da dila. Malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Bagwai, kuma tun ranar da ya ga sawunta a bakin kufai ya rasa sukuni. A yankin nan gona ta haɗe da gona, ko makwancin akuya ba a bari ba. Wannan ɗan tudu mai sabara da ramuka shi kaɗai ya rage wa namun dawa. Rabon Zubair da ganin yanyawa tun yana yaro, so yake ya ɗauke ta hoto da ranta kafin ita ma ta bi sauran.

Da an idar da sallar asuba sai ya rataya tsohuwar kyamararsa, ya je ya laɓe a bayan sabara. Ya daina shafa turare, ya koyi zama inda iska ba za ta kai mata warinsa ba. Matarsa Sa'adiyya ta yi tsiyar har ta gaji, ta koma tausayi.

To amma ina mutum zai ɓuya a ƙasar da ba a wuce kowa sai an gaisa? Sau biyu manyan kunnuwan nan suna leƙowa daga rami, sau biyun nan Baba Nababa, dattijon da gonarsa ke jikin kufan, ya taho da fartanya a kafaɗa ya rangaɗa sallama. Abin da Zubair ya samu duka hoton rabin wutsiya ne. A karo na biyun ya koma gida kamar ya fashe da kuka.

"Malam, wai har yanzu ba ta tsaya ba?" in ji Nababa washegari.

"Sai haƙuri, Baba."

Tsohon ya girgiza kai. "Kai, wahalar nan ta yi yawa."

Ranar Litinin da la'asar, dawowar Zubair daga makaranta ke nan, aka yi sallama a ƙofar gida. Nababa ne, fuska cike da fara'a, rigarsa na warin hayaƙi, ga buhu a hannu.

"Malam, na hutar da kai. Da rana na tura mata hayaƙi, tana fitowa na gama da ita."

Ya zazzage buhun. Zubair ya tsuguna. Ashe ba ta ma fi kyanwa girma ba. Ya juya ta, sai ya ga nonuwanta a cike.

"Baba, tana da 'ya'ya."

"Ai ramukan duk na cike su da ƙasa, na daddanne."

Zubair ya ɗago ya dube shi. Ya nemi wanda zai yi wa faɗa ya rasa, don tsohon nan godiya yake jira, tsakaninsa da Allah.

Nababa ya durƙusa ya share mata toka daga kunne da bakin rigarsa.

"Maza ɗauko na'urar taka, Malam," ya ce. "In tallafe mata kai, ko haka ma ta yi?"