Ƙofar da Ta Kumbura

Kwana bakwai Baba kafinta ya ba Auta. In ta nuna masa cewa wannan zama gaban kwamfuta sana'a ce, ɗakin bayan shagonsa ya zama wurin aikinta. In ko ba ta nuna ba, katako zai ci gaba da kwana a ciki, ita kuma ta je ta karɓi aikin rubuta rasit da kawunta ya samo mata. Auta ta tsani aikin nan tun ba ta fara shi ba.

Sai ta ce bari ta kama tsohon ta inda yake da rauni, ta yi wa ƙofofinsa tallan hoto mai motsi. Da safiyar kwana na bakwai ta kakkaɓe garin katako daga kan bencinsa, ta ajiye kwamfutar.

"Baba, ka ga layin nan na ƙasa? Lokaci ne. Nan na dasa alama, na ce ƙofa tana ƙarama, a rufe. Can bayan daƙiƙa uku na dasa wata, na ce ta yi girma ninki biyu, ta juya. Abin da ke tsakani, kwamfuta ke cikewa."

"Wato ke farko da ƙarshe kawai kike yi," in ji Baba. "Aikin daɗi."

Ta danna. Ƙofa ta taso tana girma, tana wulwulawa a tsakiyarta kamar fanka, har ta cika fuskar kwamfutar. Ita a wurinta abin ya yi kyau. Baba ya zare tabarau, ya goge, ya mayar.

"Sake."

Ta sake.

"Auta, me na yi miki?"

"Ni? Ba komai, Baba."

"Shekara talatin da takwas ina busar da katako kafin in taɓa shi. Yau 'yar cikina za ta shaida wa duniya ƙofata kumbura take yi. Ƙofar da ta fi firam ɗinta girma, ai ɗanyen katako ke nan."

"Matsowa take yi kusa da mai kallo..."

"Ƙofa ba ta matsowa. Mutum ke zuwa wurinta. Kuma wane mahaukaci ne ya sa mata hinji a cibiya? Ta ina mai gida zai shiga, ko sai ta mare shi tukuna?"

Kunya ta rufe Auta, don a nan kam ya yi gaskiya. Ɗigon da hoto ke juyawa a kansa, a tsakiya ta bar shi. Cikin sanyin murya ta nuna masa ɗigon.

"To ai shi ne hinjin. Kai shi gefe. A'a, hagu. Ƙara. Tsaya nan."

Ta goge alamar girma, ta rage juyin ya koma kwata. Ƙofa ta buɗe a hankali. Baba ya ce ta yi saurin tsayawa, ƙofa mai nauyi takan ɗan ja jiki a ƙarshe. Ta ja alamar ta biyu gaba, ta lallaɓa ƙarshen. Sau goma sha ɗaya ya sa ta maimaita, har shayinsa ya huce. Auta ta fara tunanin irin biron da ake rubuta rasit da shi.

Can ya miƙe, ya leƙa waje ya kira maƙwabcinsa mai walda.

"Zo ka kama mini mu fitar da katakon ɗakin baya."

"Au, ta ci jarrabawar ke nan?"

"Ina fa," in ji Baba, yana naɗe hannun riga. "Ko rataya ƙofa ba ta iya ba. Wannan in na sake ta ta tafi wani wuri, sunana za ta ɓata. Gara ta zauna nan inda idona zai riƙa kaiwa."