Sabuntawa Kafin Sha Biyu

"Mama, idan aka sabunta mutum, shi ma lalacewa yake yi?"

Keturah ba ta juyo ba. Tana durƙushe gaban teburin falo, kwamfutar mijinta a buɗe, idonta a kusurwar ƙasa ta hannun dama, inda alamar wai-fai take zama kullum kamar ɗan mafici. Yau babu maficin. Ta kashe wai-fai ɗin wayarta ta sake kunnawa karo na biyar, ta matso da wayar har tana taɓa jikin kwamfutar, kamar dai nisa ne ya hana su ganin juna.

"Mama, da ke nake."

"Sha kununki, Jemimah. Ba ta lalace ba, ta ɗan rikice ne."

Jemimah shekararta shida. Tana tsugune a bakin ƙofa da kofi a hannu, irin tsugunon da take yi idan numfashi ya yi mata kaɗan. An haife ta da huji a zuciya. Wata uku da suka wuce, da likita ya ce aiki ya zama dole, Keturah ta rasa bakin da za ta gaya wa yarinya cewa za a buɗe mata ƙirji, sai ta ce za a sabunta mata zuciya, ta dinga gudu kamar sauran yaran unguwarsu ta Rumde. Kalmar ta zauna wa Jemimah daidai, har 'yar tsanarta take kwantarwa ta sabunta ta da cokali.

Yanzu wata ƙungiyar likitoci za ta zo Abuja ta yi wa yara ashirin aikin kyauta. Abu uku suke so a ɗora a shafinsu: fom, wasiƙar likita, da bidiyon hoton zuciyar yaron. Yau Asabar, ƙarfe sha biyu na rana, za su rufe. Bidiyon bai samu ba sai jiya da la'asar, bayan Keturah ta yi mako biyu tana sintiri tsakanin Jimeta da asibiti a Yola Gari. Mai ɗaukar hoton ya zuba mata shi cikin kwamfutar da filashinsa, ya zare abinsa, ya ce sai Litinin.

Da ta dawo gida, data ba ta isa ba, sai ta bar aikawar zuwa safe. Ana nan aka kawo wuta. Kwamfutar ta fito da saƙon nan da ta saba ganin mijinta yana korewa, wai a sabunta yanzu ko anjima. Mijin nata, Wilson, shekara biyu ke nan yana danna anjima. Shi komai anjima ne, ƙofar banɗaki anjima, famfo anjima. Ita kuwa Keturah ko kwano ɗaya ba ta bari ya kwana da datti. Ta ce a ranta, abu mai muhimmanci irin na gobe ba za a yi shi da na'ura mai jiran gyara ba. Ta danna yanzu.

"Me take yi?" Jemimah ta tambaya lokacin, tana kallon ɗigo-ɗigon da ke zagaye a allon.

"Sabunta ta ake yi, kamar yadda za a yi miki. In ta gama za ta fi da gudu."

Wannan maganar ce ta dawo mata yanzu da kofin kunu a hannu.

Ta gwada igiyar caji, ko za ta ja bidiyon zuwa wayarta. Caji kawai take yi, ba ta ɗaukar komai. Ta kira Wilson a Ganye, inda yake koyarwa. Muryarsa tana zuwa tana yankewa.

"Kin danna me?"

"Abin da ya kamata ka danna tun bara waccan."

"Keturah, ai da dalili nake..." Layin ya ɗauke, ya dawo. "Kai ta wurin Bakari. Kin san shagonsa, layin masu waya a kasuwa. Ki ce ni na aiko ki. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Tara saura kwata."

"Akwai lokaci."

Ba ta son fita da Jemimah cikin wannan zafin, amma maƙwabciyarta ta tafi biki Numan, ita kuma ba ta barin yarinyar wurin wanda bai san abin yi ba idan leɓenta ya fara baƙi. Ta jiƙa ƙaramin tawul, ta cika gora da ruwa, ta sa maganin a jaka, ta naɗe kwamfutar da zani. Daga gida zuwa titi ba nisa, amma sau biyu Jemimah ta tsuguna. A karo na uku Keturah ta goya ta, ƙafafun yarinyar suna dukan cinyoyinta, jaka a kafaɗa ɗaya, kwamfuta a ƙirji.

Keke ya ajiye su bakin kasuwa tara da rabi. Shagon Bakari a kulle. Mai sayar da murfin waya na kusa ya ce ya je kai matarsa awo, yanzun nan zai zo. Yanzun nan ɗin ya kai goma da minti ashirin.

Bakari dogo ne siriri, da tabarau a goshi. Yana buɗe kwaɗo yana gaisuwa, yana kiranta Adda, wato yaya.

"Adda, sannu da jira. Ina Malam Wilson? Yana can yana cin gyaɗan Ganye ya bar mu? A'a, ga mutuniyata. Jemimah, kin girma fa."

"Ankul, an sabunta kwamfutarmu ta lalace."

Ya yi dariya, ya karɓi na'urar ya ɗora kan teburinsa cikin tarin sukurori da allunan waya da suka fashe, ya jona mata wuta. Kallo ɗaya ya yi wa kusurwar.

"Afdet ne. Ke ce ta huɗu wannan sati. Direban wai-fai ya gudu."

"Direba?" in ji Jemimah. "Akwai direba a ciki?"

"Akwai, ɗan ƙarami. Shi yake ɗauko intanet ya kawo. Sabon afdet ya zo ya sallame shi, bai kawo wani ba."

Keturah ba ta da lokacin wasa. "Bakari, ka ji, ba gyaran ne ya dame ni ba. Akwai wani bidiyo a ciki, na asibiti, ina so ka..."

"Ba damuwa, Adda, bari ya sake tashi tukuna."

Yatsansa ya riga bakinta. Abin da kowane mai gyara yake fara yi ke nan tun kafin ya ji ƙarshen magana, ya kashe ya kunna. Allon ya yi duhu, ya dawo shuɗi, ɗigo-ɗigon nan na jiya suka fito suna zagaye. A ƙarƙashinsu, da Turanci, an rubuta cewa ana aikin sabuntawa, kashi ɗaya cikin ɗari, kada a kashe kwamfutar.

"...ina so ka kwafe shi a filash, mu aika da taka kwamfutar," Keturah ta ƙarasa a hankali, don maganar ta riga ta taho.

Bakari ya sauke tabaransa daga goshi. "Ashe akwai saura a ciki."

Ta gaya masa komai, yara ashirin, Abuja, sha biyu. Yana ji yana kallon agogon wayarsa. Goma da rabi.

"Kashe ta," in ji ta.

"In na kashe yanzu, zai iya ƙin tashi gaba ɗaya. Bidiyon ma ya tafi."

"To buɗe ta ka ciro abin da ke ajiye kaya."

"Irin wannan a manne yake da jikin allo. Ba ya cirowa." Ya shafa gemunsa. "Don Allah, Adda, ki yi haƙuri. Wani lokaci minti ashirin ya gama."

"Wani lokacin kuma?"

Ya jawo mata benci kawai.

Keturah ba mai zama ba ce. Ta karɓi kwamfutar Bakari ta buɗe shafin, ta cika fom, ta ɗauki wasiƙar likita a hoto ta ɗora. Akwatin bidiyo ne kawai ya rage, da jan tauraro a gefensa, kuma maɓallin aikawa ya ƙi dannuwa sai da shi. Ta kira mai ɗaukar hoton, wayarsa a kashe. Ta kira wata nas da suke coci ɗaya, Edith, wadda ta ce ɗakin hoton a kulle yake ranar Asabar, mai makullin kuma ya tafi Girei. Ta kira lambar da ke ƙasan shafin, wata murya da aka naɗa ta ce ofis yana buɗewa Litinin zuwa Juma'a.

Kashi goma sha bakwai. Kashi ashirin da biyu. Ƙarfe sha ɗaya ya yi tana kashi talatin, kuma a nan ta tsaya.

Rana ta hau kan kwanon shagon. Keturah ta shafa wa Jemimah jiƙaƙƙen tawul a wuya, ta duba leɓenta, ta duba farcenta. Yarinyar ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Barci take yi?"

"Eh."

"Irin wanda za a sa ni?"

Bakari ya sunkuyar da kai kan wata waya da ba ta buƙatar komai.

"Idan ba ta farka ba fa?"

"Za ta farka."

"Jiya ma kin ce za ta fi da gudu." Jemimah ta ja gwiwoyinta zuwa ƙirji. "Ni ba na so a sabunta ni, Mama. A bar ni haka. Ba sai na yi gudu ba."

Wata uku Keturah ta yi tana gina kalmar nan, ga shi a gaban idonta tana rushewa, kuma ba ta da wata da za ta sa a madadinta. Ta jawo yarinyar jikinta duk da zafin. A ƙarƙashin tafinta tana jin bugun nan mai shuu-shuu da ta haddace tun yarinyar tana jaririya.

Sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta. Bakari ya riga kowa sanin batirin kwamfutar Wilson ba ya riƙe minti goma. Ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya ja igiyar janareta sau shida kafin ya kama. Ya dawo yana haki. Kashi talatin.

Wilson ya kira, ta kashe. Ba fushi take yi da shi ba. Ba ta ma san da wa za ta yi fushin ba. Babu ofishin da za ta je ta tsaya a bakin ƙofa, babu magatakardan da za ta roƙa, babu wanda za ta kira da Baba ko Hamma ya duba yarinyar ya sassauta. Wani ne can wata ƙasa, da bai san akwai Rumde a duniya ba, ya tsara abinsa ya turo, ita kuma ta ce masa bismilla da yatsanta.

Sha biyu saura bakwai, lambar ta yi tsalle zuwa saba'in da ɗaya. Keturah ta miƙe tsaye. Tamanin da huɗu. Casa'in da shida. Bakari ya riƙe filash a hannu kamar mai jiran a buɗe ƙofar mota. Allon ya yi duhu, ya dawo, ya rubuta cewa ana shirya mata komai, ta ɗan jira kaɗan.

Ta jira. Agogon wayarta ya nuna sha biyu, ya wuce, bai yi wata ƙara ba.

Sha biyu da minti goma sha tara kwamfutar ta buɗe. Hoton Jemimah ne a allon, cikin rigar Kirsimetin bara, tana dariya da giɓin haƙori. A kusurwar ƙasa ta dama ɗan maficin ya dawo da kansa, cike, har ya kama wai-fai ɗin wayar Keturah ba tare da an tambaye shi ba.

"Direba ya dawo," Bakari ya faɗa da ƙaramar murya.

Shafin likitocin ya nuna godiya ga duk waɗanda suka nema, an rufe karɓa. Keturah ta zauna. Ta nemo adireshin imel a ƙasan shafin, ta rubuta abin da ya faru cikin layi shida, ba ta ƙara ba ta rage ba, ta haɗa bidiyon ta aika. Cikin minti ɗaya ya tafi, abin da ta yi mako biyu tana nema. Amsa ta zo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa: za a sanar da zagaye na gaba idan lokaci ya yi.

Jemimah ta taso ta dafa teburin, hancinta kusa da allon.

"Ta farka. Ankul, duba, ba ta manta ni ba." Ta juyo, idonta yana haske. "Ashe daɗewa kawai ake yi. To, Mama, na yarda. A sabunta ni. Yaushe za mu tafi?"

Keturah ta rufe kwamfutar, ta naɗe ta da zanin, ta ɗaure bakin sau biyu. Ta juya baya ta durƙusa don yarinyar ta hau.

"Anjima," in ji ta.

Ke da kike karanta wannan, ko kai, idan na'ura ta tambaye ka yanzu ko anjima alhali akwai abin da ba ka aika ba tukuna, ka fara aikawa. Abin da ba ka da shi a wuri biyu, ka kwafe shi tun tana numfashi. Idan kuma ta kai ka ga shagon mai gyara, kada ka ɗauke hannunka daga kanta sai ka kai ƙarshen maganarka.