Hoton Mamaciya

Allurai uku ne a bakin Maiɗinki lokacin da ta ga fuskarta a wayar wata. Tana durƙushe tana kalmashe bakin rigar Goggo, tsohuwar da ke jagorantar mawaƙan coci, sai tsohuwar ta sunkuyo da wayar har ta kusa manna mata a hanci.

"Kalli nan, 'yar nan, kin yi suna! Har ƙanwata da ke wata ƙasar ta turo min, wai wace ce wannan mai wushirya?"

Ita ce kuwa. Ga ta zaune bayan keken ɗinkin da 'yan coci suka ba ta, tana dariya da dukan haƙoranta, 'yarta Auta ta rataye a wuyanta. A ƙasan hoton an rubuta sunan garin da suka gudo daga cikinsa, an roƙi jama'a su sa su a addu'a.

Ta zubar da alluran a tafin hannunta, ta dunƙule, ko zafin sukar ba ta ji ba.

A wancan garin, Maiɗinki ta mutu wata biyar da suka wuce. Masu bindigar da suka kama garin sun kafa doka: duk gidan da wani ya tsere, wanda ya rage shi zai biya da ransa. Baban Auta ba zai iya gudu ba, don mahaifiyarsa na kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ranar da aka yi ruwan wuta a unguwarsu ya tura matarsa da 'yarsa cikin motar kaya, ya dawo ya haƙa kabari biyu a bayan gida, ya zauna karɓar gaisuwa. Tun daga nan, duk ran Talata bayan azahar yakan ari wayar wani mai shago ya kira ta. Sai wayar ta yi ƙara sau biyu, ya katse. Ba ya magana, ita ma ba ta ɗauka. Ƙarar nan biyu ita ce wasiƙarsa: ina raye, ba su gane ba.

* * *

Da gudu ta ratsa zauren da yara ke karatun Lahadi, wanda yanzu aka tsaga da labulaye iyali tara ke kwana a ciki. Ta wuce kusurwarta, inda matar Fasto ta zana mata kibiya da alli a bango tun ranar farko, don ta san alƙibla. Mutanen nan ba su taɓa tambayarta me take bautawa ba kafin su miƙo mata bargo. Abin da ya ɗaure mata harshe ke nan ranar hoton. Wanda ya ciyar da kai, ya sa 'yarka a makaranta, ya ɗauko keke ya dire a gabanka, da wane bakin za ka ce masa kada ya ɗauke ka hoto? An ce mata a allon baranda za a liƙa, inda ake jera fuskokin baƙi don masu ibada su riƙa yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a ranta, wa zai zo daga can ya leƙa barandar coci?

Ta tarar da matar Fasto, wadda kowa ke kira Mama, a ofis tana ware takalman da aka kawo sadaka. Sakatariyar cocin na gefe tana buga takarda.

"Mama, ki rufa min asiri, a cire hoton nan."

"Wane hoto? Zauna mana."

Sakatariya ta gyara tabarau tana murmushi. "Na shafinmu na intanet take nufi. Ai Anti, hotonki ya fi na kowa farin jini. Saboda shi aka yi mana alkawarin kekuna biyu. Kunya kike ji? Kin fa yi kyau."

"Na mutu," in ji Maiɗinki. "Ni da Auta mun mutu. Akwai kabarinmu."

Ta faɗa musu komai, a tsaye, maganar na fita a guntule. Takalmin da ke hannun Mama ya suɓuce. Sakatariya ta jawo waya, ta goge hoton.

"Na cire. Wallahi na cire, Anti."

"Shi ke nan babu shi?"

Mama ta dubi Sakatariya ta ce, "Faɗa mata gaskiya."

"Kwana shida yana sama. Mutane sun yi ta turawa gaba. Wanda ke wayoyinsu ba ni da iko da shi." Hawaye ya zubo ta ƙarƙashin tabaran. "Duk wata haka muke yi. In mutane ba su ga fuska ba, ba sa bayarwa. Ban sani ba, da kin faɗa min..."

"Da mun tambaya," Mama ta katse ta. "Mun tambaye ta lambar takalminta, mun tambayi ajin 'yarta. Wannan ne ba mu tambaya ba."

Maiɗinki ta so ta yi fushi, ta rasa wanda za ta ɗora wa. Da mugu ne ya yi mata haka, da ta san yadda ake tsine masa.

* * *

Ranar Asabar ce. Tsakaninta da Talata kwana uku ne, amma sai da suka zame mata kamar shekara.

Ta yi ta ɗinki don kada ta yi tunani, tunanin kuma ya ƙi barinta. Masu bindigar nan ai yara ne, kullum kansu a sunkuye kan waya. Wa bai san wushiryarta ba a garin? Rabin matan unguwa ita ta ɗinka musu kayan aure. Ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkewa a baibai.

Ran Lahadi ta ji ta cikin bango Fasto yana cewa a yi addu'a domin wani bawan Allah da ba za a ambaci sunansa ba. Sakatariya ta kwashe duk hotunan baranda, allon ya rage da ƙusoshi kawai. Goggo kuwa ta zo da kwano a rufe, ta zauna tana jan Auta da wasa.

"Ke mai kunnen zomo, me kike saurare?"

"Goggo, me ya sa Umma ba ta cin abinci?"

"Girkina ne babu gishiri, uwarki kuma ba ta iya ƙarya ba."

Auta ta yi dariya. Maiɗinki ta kalli bakin yarinyar, ta ga wushiryar da ta gada, ta kau da kai.

* * *

Ran Talata ta idar da azahar a gaban kibiyar alli, ta ɗora wayar a kan keken, ta zauna. Mama ta jawo kujerar yara ta zauna kusa da ita, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Sakatariya ta tsaya a bakin labule, ta kasa shigowa, ta kasa tafiya. A waje wani yana share ganye, tsintsiyar na tafiya tana dawowa.

Wayar ta haska. Lambar mai shagon ce.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Mama ta damƙe hannun Maiɗinki.

Ta yi ta biyu. Maiɗinki ta saki numfashin da ta riƙe tun Asabar, Sakatariya ta ɗaga hannuwa sama tana shirin godiya.

Sai ta yi ta uku.

A wata biyar, Baban Auta bai taɓa barinta ta kai uku ba. Hannuwan Sakatariya suka sauko a hankali. Wayar ta ci gaba da ruri tana zamewa a kan ƙarfen keken, tana matsowa baki kaɗan-kaɗan, matan uku suna kallonta, babu wadda ta miƙa hannu.